Pawa baik na hannu mai doguwar tafiya: a saya ko a haƙura? Tambayoyi da amsoshi

Kusan duk sati sai wani ya turo min hoton babur, yawanci Yamaha FJR ko Honda VFR, an wanke shi yana ta sheƙi a ƙofar wani shago, tambayar kuma ɗaya ce, "Oga ya ka gani, in faɗa?" Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya shi yasa na tattara tambayoyin da amsoshinsu waje guda. Ni ba dillali bane, bana sayar da komai, na dai hau na kashe kuɗi, kuma na taɓa tura babur mai kilo kusan 300 da tsakar rana, wanda ya yi wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wai wane irin babur ake magana a kai?

Shi ne wanda ya faɗo tsakanin na tsere irin su R1 da CBR da kake kwanciya a kan tanki, da kuma irin Gold Wing da ya yi kama da falo mai taya biyu. A tallan Turawa zaka ga an rubuta sport touring. Inji mai ƙarfi, zama ba a duƙe sosai ba, gilashin tare iska a gaba, akwatuna biyu a gefe, da babban tanki. Waɗanda aka fi gani su ne Yamaha FJR1300, Honda VFR800, Honda ST1300 da ake ce wa Pan European, Kawasaki 1400GTR wanda a Amurka sunansa Concours 14, BMW R1200RT, sai Suzuki Bandit 1250 da Kawasaki Z1000SX.

Me yasa suke arha a kan na tsere alhali injinsu ya fi girma?

Samari basa rububinsu, kowa R1 yake so ko R6 mai kururuwa. A can Turai da Amurka kuwa yawanci dattawa ne ke hawansu, kuma wannan alheri ne a gare ka domin dattijo baya ɗaga taya a titi, yana juye baƙin mai a kan lokaci. Amma kada ka yi saurin murna, dattijon nan da ya ga babban sabis ya matso, taya ta kusa ƙarewa, shokazoba ta gaji, sai ya yi lissafi ya ga kuɗin gyaran ya kusa rabin kuɗin babur ɗin, ya sayar ya huta, wannan lissafin da ya gudu ya bari shi ake loda maka a kwantena tare da babur ɗin. Wasu kuma daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa bayan hatsari ko ambaliya. Araha dai ba ta ado.

Tokumbo ya fi ko wanda aka hau a gida?

Mutane suna jin kalmar Baljiyam sai hankalinsu ya kwanta, ni kam ba haka nake gani ba. Tokumbo baka san tarihinsa ba sam, wanda aka hau a gida kuma ka san ya sha ramuka da ƙura da man bumburutu, amma aƙalla mai shi yana nan da ransa zaka iya zama da shi ka tambaye shi, ka je wajen bakanikensa ka sake tambaya a bayan idonsa. In na samu na gida a hannun mutum ɗaya mai tsafta wanda ya san ranar da ya canza kowane abu, na fi son sa a kan tokumbon da ba wanda ya san daga ina ya fito. In kuma ya zaga hannu huɗu cikin shekara biyu to akwai abin da kowa ke gudu.

Mita ta nuna 50,000, ba ya tsufa ba?

Fara duba mil ne ko kilomita. Na Amurka da Ingila mil suke ƙirgawa, mil 50,000 kuwa kilomita 80,000 ne, dillali ba zai tuna maka ba. Duk da haka ga irin waɗannan injinan kilomita 80,000 ba tsufa bane, an yi su ne domin cin hanya, FJR ko ST1300 da aka kula da shi yana haura kilomita 150,000 ba a buɗe inji ba. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne an yi saitin bawul ko ba a yi ba. FJR ana duba nasa wajen kowane kilomita 40,000, VFR kuma wajen kowane 24,000. In mita ta kusa ɗaya daga cikin waɗannan zangon kuma babu shaidar an yi, ka ɗauka ba a yi ba ka cire kuɗinsa a ciniki.

Ni wanda ya fi bani tsoro ma shi ne ɗan shekara 15 mai kilomita 9,000 kacal. Ko dai an taɓa mitar, ko ya yi shekaru a ajiye, tanki ya yi tsatsa daga ciki, nozul sun toshe, duk wata roba ta bushe. Dubi robar taka ƙafa da robar totur da kujera, su basa iya ƙarya.

In na je gani me zan duba?

Da farko ka je da kanka, ba a cinikin biri a sama, bidiyon WhatsApp ba gani bane. Ka ce kada a tayar da shi kafin ka zo, kana isa ka taɓa inji da bayan hannu, in ka ji ɗumi to an riga an tashe shi, ka ce zaka dawo gobe da asuba. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya, wahalar tashi, ƙarar taimin cen, hayaƙi, duk da sanyi suke fitowa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana ƙona baƙin mai kenan. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa ruwa ne ke shiga, tof gasket, ka buɗe murfin baƙin mai in ka ga abu kamar madarar shayi ka yi sallama kawai.

Ka tafi da mitar rewaya, ba ta da tsada. Batir a kashe ya nuna wajen bolt 12.5, in an tayar an ɗan murɗa totur ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12 ko ya haura 15 akwai matsalar caji. Sannan ka bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta tashi da kanta ta kuma mutu da kanta, wannan yana ɗaukar mintuna kuma mai babur zai fara ƙorafin ana ƙona masa mai, ka saya masa lita ɗaya ka ci gaba da jira, a zafin Afrilu na Kano babur ɗin da fankarsa bata tashi gawa ce.

Sai ka tsuguna. Ƙarshen hannun babur, libar birki da ta kuloci, gefen akwatuna da gefen salansa, nan ne faɗuwa ke barin tabo. Faɗuwa a tsaye ba komai bace, duk babur mai nauyi ya taɓa kwanciya. Amma ka leƙa wuyan babur inda yake tokarewa in ka juya kai har ƙarshe, in ƙarfen wajen ya lotsa ko an yi walda, ko ka ga sabon fenti a shasi, wannan karo ne ba faɗuwa ba. Shafa ƙarfen shokazoban gaba ka ga ko mai zai biyo yatsanka. A ɗora shi a kan babban sitan a ɗaga tayar gaba, ka juya kai dama da hagu a hankali, in yana ɗan maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya tafi. Juya kowace taya ka kalli bakin rim ko ya lanƙwashe. Leƙa cikin tanki da tocilan. Ka ɗaga kujera ka kalli wayoyi, in ka tarar da salatif ko'ina an yanka an ɗaura to rewaya ya riga ya yi aika-aika.

Fitilar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ita ma ana wasa da hankalin mutane da ita. Ya kamata ta kama in ka kunna makulli, ta ɗauke bayan ka fara tafiya. In babur ɗin mai ABS ne amma bata kama ba sam, to wataƙila wani ya cire ƙwan ne domin kada ka ga laifi.

Kuma sai ka hau. Ka shiga kowace giya, ka ba shi wuta sosai a giya ta biyu ka ji ko zata fita da kanta, a babbar giya kuma ka murɗa totur daga ƙaramin gudu, in ƙarar inji ta hau amma gudu bai ƙaru ba kuloci na sulɓewa. In mai shi ya hana hawa ko da ka ajiye kuɗi a hannun shaida, ka bar masa kayansa.

Kowane iri da nasa ciwon ko?

Ƙwarai kuwa. VFR800 sanannen ciwonsa rektifaya ce, mai daidaita wutar caji, da soket ɗin wayoyin caji da ke narkewa, shi yasa na ce kada ka je babu mita. Na 1998 zuwa 2001 babu taimin cen a cikinsa, haƙoran giya ne ke juya kam, shi yasa yake wani kuka kamar fito, wannan ba laifi bane haka aka yi shi, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da mu in ka samu mai lafiya duk da shekarunsa. Daga 2002 aka kawo VTEC, bawul biyu ke aiki a kowace silinda sai inji ya kai wajen juyi 7,000 sauran biyun su shigo, daɗi a hanya amma saitin bawul ɗinsa aiki ne mai cin lokaci da ke son kayan aiki na musamman, ga tenshinan taimin cen da ke fara ƙara.

FJR1300 ya fara fitowa a 2001, cc 1298, tanki lita 25. Na farko-farko kafin 2006 yana gasa ƙafa ba kaɗan ba, kuma wasu daga ciki suna wani ƙas-ƙas daga wajen bawul ɗin salansa wanda gyaransa sai an sauke kan inji. Na 2006 zuwa 2009 Yamaha ta taɓa kiran a dawo da su saboda wajen sa makulli da ke iya kashe babur ana tsaka da tafiya, na 2016 zuwa 2020 masu giya shida kuma an kira su saboda giya ta biyu, ka tambaya ko an yi waɗannan gyare-gyaren. Akwai kuma wanda bashi da libar kuloci, kwamfuta ce ke kama masa, wannan dan Allah ka bar wa Turawa abinsu.

ST1300 tankinsa lita 29, raƙumi ne wajen nisa, amma ya haura kilo 300 kuma shi ma akwai zafi. 'Yan sandan Ingila sun janye nasu a 2007 saboda rawar da yake yi in an kai gudu sosai da kaya a baya. R1200RT ya fi kowa daɗin zama, ya kuma fi kowa iya talauta mutum, na 2005 da 2006 birkinsa na da famfon lantarki wanda in ya mutu kuɗinsa sai ka riƙe baki, kuma waɗanda aka yi kafin 2014 canza kulocinsu sai an raba babur ɗin gida biyu. Bandit 1250 shi ne talakan cikinsu, ba kwalliya ba wayoyi da yawa, kuma shi ne bakanike zai fi saurin ganewa.

An bani makulli ɗaya, akwai damuwa?

Babba ma. Yawancin waɗanda suka zo daga Turai makullinsu na da cif da ke magana da biren bos, wato kwamfutar babur ɗin. Honda tana kiran nata HISS, in akwai makulli ɗaya mai aiki ana iya yin rajistar wani, in ya ɓata gaba ɗaya sai maganar canza biren bos. Yamaha kuma akwai jan makulli, da shi ake rajistar sauran, in babu shi to wanda ke hannunka shi ne na ƙarshe. 1400GTR ɗan rimot yake amfani da shi, shi ma haka labarin yake. Makulli ɗaya dalili ne na rage kuɗi sosai, kuma dalili ne na ka sake tambayar kanka daga ina babur ɗin nan ya fito.

Takardu fa?

Takardar kwastan ta gaske, takardar shaidar mallaka, da rasit. Lambar shasi tana jikin wuyan babur, haruffa da lambobi 17, ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya da abin da ke takarda, haka lambar inji. In ka ga alamar an goge an sake bugawa ko tattaunawa kada ka tsaya yi. In daga Amurka ya zo ka sa lambar a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna fitowa ka ga yadda yake kafin mai fenti ya rufa masa asiri. "Takardu suna hanya" ba takarda bace.

Bakaniken unguwarmu zai iya da shi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo farko amma kullum ita ake yi a ƙarshe, bayan an riga an biya. Ka nemo bakanike kafin ka nemo babur. Wanda ya ƙware a Boxer da Jincheng da roba-roba gwani ne a fagensa, amma irin wannan yawanci mai silinda huɗu ne da nozul da biren bos da ruwan sanyaya inji, ya fi kusa da mota. Ni an taɓa zuba min baƙin man mota a wani gareji da sunan ai duk mai mai ne, kafin sati biyu kuloci ya fara sulɓewa, domin kulocin yawancin baburan nan a cikin mai yake wanka, sai wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan. Wani kuma ya karya min ƙugiyoyin kaba guda uku wajen cire ta kawai, ya ɗaure da waya yana cewa ai ta zauna.

Masu iya aikin suna nan amma 'yan kaɗan ne, yawanci Abuja da Legas sai ɗaiɗaiku a Kano da Kaduna. Ka tambayi masu hawa wa ke taɓa musu, ka je ka ga irin baburan da ke gabansa, ka tambaye shi wanne ya fi sani, sannan ka sayi wannan irin. Ranar gani ma ka biya shi ya raka ka. In garinku babu irinsa ko kusa, kuma kai ba mai son riƙe sifana bane, amsata ita ce kada ka saya, duk kyansa.

Kayan gyara ana samu?

Filta, falogi, birki fad, batir, waɗannan da ɗan nema ana samu. Amma kada ka zaci zaka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka fito da famfon mai na VFR. Yawanci odarsu ake yi daga waje a jira makonni, da dala kuma, tun da aka saki naira a 2023 kowa ya san yadda lissafin ya koma. Taya ce ta fi cin kuɗi a kai a kai, FJR da VFR duka 120/70-17 a gaba 180/55-17 a baya, ni tayar baya in ta kai min kilomita 10,000 na gode Allah. A gefen taya akwai lambobi huɗu bayan DOT, 2317 na nufin sati na 23 na 2017, in ta haura shekara biyar zuwa shida ko zanenta na nan raɗau ta bushe, ka sa sabbi biyu a lissafi. Shawarata, duk abin da ka ware kada ka kashe fiye da kashi uku cikin huɗu a saye, ragowar na taya ne da batir da man birki da ruwan lagireto da abin da zai ɓullo a watan farko, kuma zai ɓullo.

Yana shan mai sosai?

Wajen kilomita 15 zuwa 18 a lita in kana tafiya da hankali a babbar hanya, wato kamar ƙaramar mota, Boxer kuwa yana ninka wannan nisan sau uku. Tankin FJR ɗaya zai kai ka Kaduna daga Kano da saura mai yawa, Abuja ce sai ka ƙara a hanya. Tun cire tallafi a Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana bace. Ingancin man ma abin dubawa ne, masu mota basu manta gurɓataccen man Fabrairun 2022 ba, famfon mai da nozul basa yafe datti ko ruwa, man galan na bakin titi sai dole.

Shaf ko sarƙa?

Ga ƙurarmu shaf ya fi, FJR da ST1300 da GTR da RT duk shaf ne, man giyarsa kawai zaka riƙa canzawa. Ka dai kama tayar baya ka girgiza gefe da gefe, kada ta yi motsi, kada kuma ka ga mai na tsatsafowa. Sarƙa irin ta VFR da Bandit tana son wanki da mai kullum musamman da hunturu, amma in ta lalace gyaranta ba ya kai na shaf.

Zai jure hanyoyinmu?

A kan kwalta mai kyau babu abin da ya kai shi, ka yi awa uku ka sauka bayanka lafiya. Amma tsakanin cikinsa da ƙasa wajen santimita 13 ne kawai, tudun rage gudun da ake ginawa a ƙauyukan bakin hanya yana dukan salansa, rami ɗaya da gudu yana lanƙwasa rim, yashi kuma abokin gabarsa ne. In layinku ba kwalta, ko tafiyarka ta ƙauye ce da damina, ka duba irin su V-Strom ko Versys ko Transalp masu tsayi. In kuma zirga-zirgar cikin gari ce daga gida zuwa kasuwa, a gosulo zai dafa maka cinya ne kawai fanka na ta ihu.

Na shekara goma ina hawa Boxer, ai zan iya ko?

Ka iya titi, wannan riba ce, amma baka iya wannan ba tukuna. Boxer bai fi kilo 120 da wani abu ba, FJR da mai a tanki yana wajen 290, ƙarfin injinsa kuma ya ninka na Boxer fiye da sau goma. Yawancin faɗuwar sabon shiga ba a gudu take ba, wajen juyawa ne a hankali ko taka ƙafa a kan yashi a gidan mai. Zauna a kai ka ga ƙafafunka biyu suna kaiwa ƙasa, ka gwada tura shi baya da kanka. In zaka ji tawa ka fara da mai cc 500 zuwa 650 na shekara guda. Kuma kuɗin hular kwano ta gaske mai rufe haɓa da jaket da safar hannu da takalmi yana cikin kuɗin babur, silifas da kaftani ba kayan hawa wannan bane.

Hukuma bata hana ba?

Bata hana ba, amma sai da lasisin ajin A, lamba, inshora da hular kwano. Dokokin jihohi kuma suna canzawa, Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013, Kaduna ta taɓa hana hawa babur gaba ɗaya na wani lokaci a 2021 saboda tsaro, kuma jami'in da ke shingen hanya ba lallai ya bambance naka da na kowa ba. Kafin doguwar tafiya ka tambayi wanda ya bi hanyar a satin, kuma kada dare ya same ka.

To in kai ne wanne zaka ɗauka?

FJR1300 mai libar kuloci daga 2006 zuwa sama, da makullansa duka da akwatunansa biyu, domin akwatunan nan in babu su sayensu daban tsada ne. In kuɗin bai kai ba Bandit 1250. VFR sai in bakanikena ya ce ya san shi kuma mita ta nuna caji lafiya. RT kuwa ina kallonsa ne in yaba in wuce.

Mai shi ya ce in bada kafin alƙalami yau domin akwai wani mai so, in bayar?

Kullum akwai wani mai so, ban taɓa zuwa ganin babur ba a ce min babu. In ya amince bakanikenka ya duba da safe inji da sanyi, ka bada kaɗan a gaban shaidu a rubuta cewa za a dawo maka da shi in lambar shasi ko takardar kwastan bata yi daidai ba, a kuma yi maganar la'adar dillali tun kafin a sallama, wa zai biya kuma nawa. Sauran kuɗin ta banki, da sunan da ke jikin takardar mallaka, bayan makullai da takardun sun shigo hannunka.